Daga ƙaho zuwa Tanganil: tarihin neman maganin hajijiya

Duk wanda ya taɓa raka tsoho ko tsohuwa wajen likita a kan ciwon jiri a ƙasar nan, akwai sunayen da zai gane in ya gan su a takardar magani: Tanganil, Betaserc, Stugeron. A je farmasi a saya, a sha. Wani ya ji sauƙi cikin kwana biyu, wani kuma ya ƙare kwali uku ɗaki bai daina juya masa ba. Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ya ja ni ga batun nan tarihi ne: daga ina waɗannan ƙwayoyi suka fito, don me aka yi su tun farko, kuma me ya sa har yau likitoci ba su gama gardama a kansu ba.

Sai dai mu fara raba zance. Mu Hausawa kusan komai jiri muke ce masa. Wanda ya miƙe tsaye da sauri ya ga duhu-duhu, jiri. Yarinyar da ta zo lakwal ba ta karya ba, ta zube a layi cikin zafin watan Afrilu, jiri. Amma akwai wani daban, wanda mutum yana kwance ko yana zaune sai ya ga rufin ɗaki da bango suna kewaya shi, kamar yaron da ya gama wasan juyi ya tsaya cak. Wannan shi ne hajijiya, kuma a kansa nake magana. Mafi yawan lokaci tushensa yana can cikin kunne.

A darasin sassan jiki muna gaya wa yara cewa kunne don ji aka yi shi, mu wuce. Haka manyan likitocin Turai ma suka ɗauka har tsakiyar ƙarni na 19. In hajijiya ta kayar da mutum a Faris ta wancan zamani, yana amai yana gumi, sai a ce jini ne ya taru masa a ƙwaƙwalwa, ko dai shanyewar jiki ce ke tafe, ko kuwa wani nau'in farfaɗiya. Tun da jini ne ya yi yawa, maganin shi ne a rage shi. A tsaga jijiyar hannu a tara jini a kwano, a ɗora matsattsaku su tsotsa, a bi da maganin wankin ciki. Wanda ke yi wa wanzami da ƙahonsa kallon raini ya sani cewa shehunan likitocin Faransa sun daɗe a kan wannan tunani, kuma sun fi wanzami ɗibar jini nesa ba kusa ba.

Wanda ya fara buɗe ƙofa ba majinyata yake dubawa ba, tantabaru yake yanka. A shekarun 1820 wani masani Bafaranshe, Flourens, ya riƙa yanke ƴan bututun nan uku masu lanƙwasa da ke can cikin ƙashin kunnen tantabara, yana jiran ya ga ta kurumce. Ba ta kurumce ba. Sai dai ta kasa tsayawa, kanta yana kaɗawa, tana tuntsurawa, kuma kowane bututu aka yanke da irin ɓangaren da take faɗuwa. Ya rubuta abin da ya gani, likitocin asibiti ba su ga abin da ya haɗa su da tsuntsu ba, aka bar zancen kusan shekara arba'in.

Prosper Ménière ne ya tono shi. An haife shi a 1799, kuma tun 1838 shi ne likitan makarantar kurame ta Faris, don haka ya ga kunnuwa fiye da kowa a garin. Ya lura akwai mutanen da abu uku ke haɗe musu: hajijiya mai zuwa ta tafi, ƙugi a kunne, da raguwar ji, galibi a kunne guda. Hankalinsu garau, ba sa suma, hannu ko ƙafa ba ya mutuwa, in abin ya lafa su tashi su koma harkarsu. Ta yaya ƙwaƙwalwar da jini ya cika za ta bar mutum haka? Ranar 8 ga Janairu 1861 ya tsaya gaban majalisar manyan likitocin Faransa ya ce ciwon a kunne yake, kuma a daina zubar da jinin waɗannan bayin Allah. Cikin hujjojinsa har da wata yarinya da sanyi ya kama a tafiyar dare bisa keken doki, ta kurumce farat ɗaya, hajijiya ta hana ta motsi, ta rasu cikin ƴan kwanaki. Da aka buɗe gawar ba a ga komai a ƙwaƙwalwa ba, sai wani abu mai jini-jini a bututun kunne. Masana na baya sun ce da alama ba ma ciwon da ake kira da sunansa ne ya kashe ta ba, amma abin da yake son nunawa ya nunu: kunne kaɗai ya isa ya juya wa mutum duniya. Bai ga amfanin aikinsa ba, ciwon huhu ya ɗauke shi a farkon 1862.

Gano inda ciwo yake daban, samun maganinsa daban. Maganin farko da aka yi niyya da kunne kai tsaye abu ne da kowane gida a Nijar ya sani: kinin. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwan kinin saboda masassarar cizon sauro ya san yadda kunne ke ƙugi, ji ya dushe kwana biyu. Charcot, babban likitan jijiyoyi na Faris, wanda a 1874 ya laƙaba wa ciwon sunan Ménière, ya lura cewa hajijiyar kan daina zuwa idan kunnen ya gama mutuwa. Sai ya ce to, a taimaka masa ya mutu da wuri, ya riƙa ba majinyata kinin na tsawon makonni. Wato a sayar da ji a sayi tsayuwa. Dabara ce mai tsauri, kuma za ta sake dawowa da wata riga.

A daidai wannan lokaci masana a Jamus da Ostiriya da Birtaniya suka warware yadda abin yake aiki. Bututun uku cike suke da ruwa. In ka juya kai, ruwan ya ɗan yi jinkiri, ya tura wasu ƙananan gasu, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa labarin inda ka juya. Kunnen dama da na hagu dole bakinsu ya zo ɗaya. In ɗaya ya ce ana juyawa, ɗaya ya ce ana zaune, ido kuma ya kawo nasa labarin, nan rigima take, sai amai. Robert Bárány na Biyena ya gano yadda za a gwada kowane kunne shi kaɗai, kuma daga bakin majinyata ya samo hanyar: masu zuwa wankin kunne suna kukan jiri in ruwan ya yi sanyi, in kuma ya yi zafi sai idonsu ya riƙa fizga zuwa ɗaya ɓangaren. Wannan ya ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha, sai a 1916 aka sake shi da sa bakin gidan sarautar Suwidin.

A 1934 wani likita a Amurka, Furstenberg, ya fito da tsarin rage gishiri a abinci, bisa zaton ruwa ne ke taruwa a kunne. Shekara huɗu bayan haka, a 1938, Hallpike da Cairns a Landan, da Yamakawa a Japan, kowa da nasa binciken, suka duba ƙashin kunnen mamatan da suka yi fama da ciwon, suka ga jakar ruwan ta kumbura. Daga nan rage gishiri da ƙwayoyin sa fitsari suka zauna da gindinsu, har yau ana bin su. In likita ya ce wa mai wannan ciwo ya rage gishiri, a tuna ba gishirin kwano kaɗai ba ne a tukunyarmu. Dunƙulen miya gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kanwa ma danginsa ce.

Ƙwayoyin da suka cika farmasi yanzu kuwa, yawancinsu ba daga asibitin kunne suka fito ba. Yaƙin duniya na biyu ne ya tilasta nema, domin sojan da jirgin ruwa ya jijjiga har ya amaye hanjinsa ba ya iya riƙe bindiga in an sauke shi a gaɓa. Ingilishi suka gwada magunguna iri-iri a kan sojoji cikin teku, wanda ya fi aiki shi ne sikofolamin. Sinadari ne da ake samu a wasu tsirrai masu dafi, ciki har da zaƙami, wannan da ke fitowa a juji bayan gari, wanda iyaye ke fargabar samari su jiƙa su sha. Ɗan mitsitsi daga cikinsa yana kwantar da amai da jiri. In ya ɗara haka baki ya bushe, ido ya dushe, mutum ya fara zance da waɗanda ba sa nan. A 1979 aka amince da shi a Amurka a matsayin ɗan manne da ake liƙawa bayan kunne, yana tsiyaya cikin fata sannu a hankali.

Labarin da na fi so shi ne na 1947. A asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, likitoci biyu, Gay da Carliner, suna gwada wani sabon maganin borin jini. Cikin masu karɓa akwai wata mata mai juna biyu wadda tun tana ƙarama ba ta shiga mota ba tare da tashin zuciya ba. Ta dawo ta ce musu, ban da ƙaiƙayin da ya tafi, in ta sha ƙwayar nan jirgin cikin gari ba ya tayar mata da zuciya. Da wasu ne, da sun ce madalla su rubuta abin da suka zo nema. Su kuwa suka kai zancen ga rundunar soja. A ƙarshen 1948 aka gwada maganin a jirgin sojoji mai suna General Ballou, daga Niyu Yok zuwa Jamus cikin haukan tekun hunturu. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, kuma bambancin ya fito fili. A 1949 ya shiga kasuwa da sunan Dramamine. Nautamine da matafiya ke saye kafin su hau bas daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ɗan gidansu ne. Shi ya sa yake sa barci: an yi shi ne ya dusashe saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ba saƙon kunne kaɗai yake dusashewa ba.

Bayan wannan sai kamfanoni suka shiga rige-rige. Beljiyam ta fitar da mekilizin a farkon shekarun 1950, sannan kamfanin Janssen ya haɗa sinarizin a 1955, shi ne Stugeron. Tanganil ya shiga kasuwar Faransa a 1957, kuma abin da ya kamata mu lura da shi shi ne maganin Faransa ne kusan ita kaɗai, da ƙasashen da likitocinsu suka yi karatu da littattafanta. Likitan Ingila ko na Amurka zai iya gama aikinsa har ritaya bai rubuta shi sau ɗaya ba. Mu muna shan sa ne saboda tarihin da ya haɗa mu da Faransa, kamar yadda muka gaji allo da tsarin azuzuwa. Wannan bai sa shi ya zama banza ba, bai kuma sa ya zama tabbas ba. Shekaru da dama ana rubuta shi ba tare da irin manyan gwaje-gwajen da ake nema a yau ba. Wani abin mamaki, a 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani ɓangare na wannan sinadari, amma don wata cutar gado ta ƙwaƙwalwa da ba kasafai ake ganinta ba, ba don hajijiya ba.

Betahistin, wato Serc ko Betaserc, nasa labarin ya fi zafi. An yi shi ne da fatan ya buɗe ƙananan hanyoyin jini na cikin kunne. Amurka ta amince da shi a shekarun 1960, ta janye amincewar a farkon shekarun 1970 da ta sake duba hujjojin ta ga ba su gamsar ba. Turai ta ci gaba da shi, ya zama gagarabadau a maganin ciwon Ménière. Sai a 2016 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus a kan majinyata 221, aka raba su uku: masu shan kaɗan, masu shan da yawa, da masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Duka ukun hajijiyarsu ta ragu, kuma kusan daidai wa daida. Akwai likitocin da har yanzu suke rantsuwa da shi, suna cewa a wasu mutane yana aiki. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne ciwon Ménière mai zuwa ne ya tafi da kansa, don haka duk abin da ka sha ranar da zai tafi, shi za ka gode wa. Wanzamin da ya yi ƙaho a ranar ma zai samu tukuici.

Na ce dabarar Charcot za ta dawo. A 1943 aka gano sitireftomisin a Amurka, maganin farko da ya iya da tarin fuka. Mutane suka tashi daga gadon mutuwa, amma da yawa suka tashi suna tangaɗi, ba sa iya tafiya cikin duhu, domin allurar ta kashe gasun nan na cikin bututun kunne. Likitocin kunne suka ce ga abin da muke nema. Fowler ya gwada shi a kan masu ciwon Ménière a 1948, Schuknecht kuma a shekarun 1950 ya fara zuba shi ta dodon kunne don ya taɓa kunne mai ciwon kaɗai. A shekarun 1970 likitocin Jamus suka koma ga ƙanensa, jantamisin, kuma har yau ana amfani da shi ga wanda komai ya gagara, da sanin cewa ji na iya tafiya. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2016, ya nuna zuba maganin kumburi ta dodon kunne yana rage hajijiyar kusan daidai da jantamisin ba tare da an kashe kunnen ba.

A nan ne tarihin ya shigo gidajenmu. Jantamisin ɗin da ƙwararren likita ke auna wa ɗigo-ɗigo don ya kashe kunne da gangan, shi ne ake samu a tiren masu tallan magani da ƙananan shaguna, ana ɗirka wa yaro don zazzaɓi ko gudawa, ba awon nauyi, ba lissafin kwanaki. Magani ne mai ceton rai a inda ya dace, asibitoci na amfani da shi kullum har ga jarirai, amma da ma'auni. Ɓarnar da yake yi wa kunne kuwa sau da yawa ba ta gyaruwa. Mu malamai mu ne muke karɓar sakamakon bayan shekaru: yaron da ake ce wa ba ya jin magana, alhali da gaske ba ya ji, ko wanda kullum yake faɗuwa a filin wasa ana masa dariya. Ba kowane irin wannan yaro ne allura ta taɓa ba, sanƙarau ma yana barin wannan tabo, amma tambayar ta cancanci a yi wa iyaye ita.

Akwai kuma wani reshe na tarihin da ba ƙwaya a cikinsa sam. A shekarun 1940 likitoci biyu a Landan, Cawthorne da Cooksey, suna kula da sojojin da suka ji rauni a ka, suka ga waɗanda suka tashi suna motsa kai da ido sun fi saurin warkewa a kan waɗanda aka lulluɓe a gado. Ƙwaƙwalwa tana koyon zama da kunne mai rauni, amma sai an bar ta ta ji saƙon da ya karkace sannan ta gyara lissafinta. Ƙwayoyin kwantar da jiri suna toshe mata wannan darasi. Shi ya sa ƙa'idar yau ita ce a sha su kwana biyu ko uku lokacin da amai ya hana sakat, sannan a ajiye. Tsohuwar da ta shekara tana shan Stugeron safe da yamma ba taimakonta ake yi ba. Ban da barci da kasala da haɗarin faɗuwa, an san wannan magani yana iya jawo wa tsofaffi rawar hannu da sanƙarewar jiki, har a ɗauka wani sabon ciwo ne ya zo.

Sannan ga nau'in hajijiyar da ya fi kowanne yawa, wanda ba na Ménière ba ne. Mutum ya juya a shimfiɗa, ko ya sunkuya, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a bisa, sai duniya ta juya masa na ƴan daƙiƙoƙi, ƙasa da minti guda, ta tsaya. Bárány ya bayyana shi a 1921, Dix da Hallpike suka tsara yadda ake gane shi a 1952. Dalilinsa: a cikin kunne akwai wasu ƴan tsakuwoyi da ido ba ya gani, sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai, waɗanda ke gaya wa jiki ina ne ƙasa. In suka ɓalle suka faɗa cikin bututu, duk juyin kai sai su gangara su kaɗa ruwan. John Epley, likitan kunne a Fotland ta Amurka, ya ce in haka ne a mirgina su su koma inda suka fito: a kwantar da mutum, a juya kansa mataki-mataki ta wasu kusurwoyi, cikin ƴan mintoci. Da ya gabatar da wannan ga abokan aikinsa a 1980 dariya suka yi masa, mujallu suka yi ta mayar masa da rubutunsa, sai a 1992 aka buga shi. A shekarar ne kuma wasu likitocin tiyata a Kanada suka buɗe bututun suka ga tsakuwoyin da idonsu. Bafaranshe Semont ya riga ya fitar da tasa hanyar mai kama da wannan a 1988. Yau ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka tana cewa a irin wannan hajijiya a yi juyin kan, kada a dogara da ƙwaya. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar na'ura, gadon duba marar lafiya da hannun da ya koya sun isa. Ina ganin da kowane ma'aikacin jinya a ƙananan asibitocin karkara ya iya shi, da kuɗin kwalaye masu yawa sun zauna a aljihun talakawa.

Saboda haka in za a kai wani gaban likita, abin da ya fi amfani a riƙe masa shi ne bayani: juyawa yake gani ko duhu, daƙiƙa nawa ko awa nawa yake ɗauka, juya kai ne ke tayar da shi, akwai ƙugi ko raguwar ji, wace allura ko ƙwaya ya sha kwanan nan. Ɗalibar da ke ganin duhu in ta miƙe, a fara duba abincinta da ruwan shanta da yawan jininta, musamman in ta fara al'ada ko ta tashi daga masassara. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga kuwa, in hajijiya ta zo masa farat ɗaya tare da nauyin harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko ya kasa tsayawa ko da an riƙe shi, wannan ba na kunne ba ne, a nan ƙwaƙwalwar ce da gaske. Ba a tsayawa farmasi, asibiti ake nufa a wannan sa'ar.